Yadda Na Koyi Auna Gonakin Kifi a Bahar Maliya

Ni ɗan Gadarif ne, daga zuriyar Hausawan da suka taso daga yamma a ƙafa da niyyar sauke farali, suka yada zango a Sudan har zangon ya zama gida. A cikin noman dawa da riɗi na tashi, kuma har zuwa ranar da na isa Port Sudan domin karatun halittun teku ban taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙirjina ba. Saboda haka lokacin da malamin da ke duba aikina na shekarar ƙarshe ya ce in je in zana taswirar iyakokin kifayen da ke cin gansakuka a kan tudun murjani, in kuma rubuta abin da kowannensu yake ci da wanda yake kora, sai na ɗauka cewa iyo ne kaɗai zai ba ni wahala, tun da maganar iyakar gona abu ne da na sani tun ina yaro. Wannan ya faru ne kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, lokacin da ɗalibi zai iya fita teku da sassafe ba tare da wani ya tambaye shi dalili ba.

Iyon bai ɗauke ni dogon lokaci ba, domin Bahar Maliya tana da gishiri ƙwarai, kusan giram 40 a kowace lita, alhali yawancin tekunan duniya ba su wuce 35 ba, kuma ruwa mai gishiri haka yana ɗaga jikin mutum da kansa muddin ya daina kokawa da shi. Babu wani kogi mai gudana duk shekara da ke zuba a cikinta, shi ya sa ruwanta yake garau, mutum yana kwance a sama yana ganin ƙasa kamar ta cikin gilashi. Kayan aikina ba su da yawa: gilashin fuska da bututun numfashi, takalman iyo, agogon hannu, igiyar awo, guntayen dalma irin na masunta waɗanda na ɗaura wa zare mai launi, da allon roba fari wanda fensir yake rubutu a kansa ko a cikin ruwa. Wani dattijo masunci ne yake kai ni a kwalekwalensa mai inji, kuma ranar farko da ya ga allon rataye a wuyana sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, ashe makarantar allo za ka buɗe wa kifi." Na ce, "Baba, ai su ne malaman, ni ne almajirin." Na faɗa ne da wasa a lokacin.

Matakin farko shi ne zaɓen wuri. Tudun murjani da ke bin gaɓar teku a wannan yanki yana da fasali guda: daga bakin yashi akwai fili mai faɗi marar zurfi, sannan a ƙarshensa akwai baki inda igiyar ruwa take fashewa, daga nan kuma sai gangare ya faɗa cikin shuɗin ruwa mai zurfi. Murjanin kansa dabba ce ƙarama da ke gina wa kanta gida na dutsen alli, kuma irin wannan dutse ne aka sassaƙa aka gina tsofaffin gidajen Sawakin da shi, garin da alhazanmu na da suke shiga jirgi zuwa Jidda. Abin da ya shafi aikina shi ne wuraren da murjanin ya mutu ya bar dutse tsirara, domin a kan wannan dutsen ne gansakuka mai laushi kamar gashin jariri take tsirowa, kuma ita ce abincin da ake rigima a kai. Na zaɓi wani yanki a bakin tudun, na auna mita ashirin a tsawo da goma a faɗi, na sa dalma a kusurwoyi huɗu, na zana manyan duwatsu da ramuka a kan allo domin su zame mini alamomi.

Mai wannan wuri ba ya ɓoye kansa. Kifi ne da masunta suke kira suhal, masana kuma suna ce masa Acanthurus sohal, wanda tsawonsa yake iya kaiwa santimita 40, jikinsa yana da zane-zanen fari da baƙi a kwance, gefen fikafikansa shuɗi ne mai haske, kuma a gindin wutsiyarsa ta kowane gefe akwai wata ƙaya ruwan lemo mai kaifi kamar aska wadda yake buɗewa idan faɗa ya yi faɗa. A Bahar Maliya da tekunan da ke kewaye da yankin Larabawa ake samunsa. Yana son daidai wurin da ruwa ya fi tashin hankali, inda hasken rana ya fi ƙarfi kuma gansakuka ta fi saurin tsirowa, kuma yana kewaya wurinsa ba hutawa kamar mai gadin kasuwa. Kwanaki uku na farko ban rubuta komai ba, domin malamina ya gargaɗe ni cewa duk abin da kifi ya yi yana kallona ba halinsa ba ne, martani ne ga baƙon da ya shigo. Ina zuwa ne kawai in kwanta a saman ruwa nesa kaɗan, hannuwana a naɗe, har sai da suhal ɗin ya daina karkato ido gare ni ya koma harkarsa.

Daga nan aka shiga aikin na ainihi, wanda ba shi da wani armashi ga mai kallo. Ina zaɓen kifi guda, in tabbatar da shi ta wata alama a jikinsa, kamar tsagewar wutsiya ko tabo, sannan in bi shi da ido na minti goma ba tare da na ɗauke kai ba. Duk inda ya juya ya dawo da baya ina sa ɗigo a taswira, duk lokacin da ya sa baki a dutse ina jan ƙaramin layi, duk lokacin da ya kori wani ina rubuta irin kifin da aka kora da wurin da korar ta fara da wurin da ta ƙare. Bayan minti goma sai in nutsa in ajiye dalma a wuraren da ya fi yawan juyawa. Ƙirga cizo ya fi komai wuya, domin kifin yakan yi cizo biyar ko shida a jere cikin ƙiftawar ido, igiyar ruwa kuma tana jefa ni gaba da baya, ruwa yana shiga bututun numfashi. A makon farko ƙididdigata ba ta da amfani ko kaɗan, kuma sai da na koyi ƙirgawa a zuci ina rubutawa bayan kowane minti ɗaya kafin alƙalumana suka fara daidaita da na abokin karatuna idan muka kalli kifi guda a lokaci guda.

Bayan mako biyu na samu abin da na je nema, wato taswira mai kyau da layuka masu zagaye, kowane suhal da gonarsa, iyakar wannan tana taɓa ta wancan kamar gonakin ƙauyenmu. Tsakanin suhal da suhal taswirar gaskiya ce, domin maƙwabta biyu sukan haɗu a kan iyaka su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa ya miƙe fikafikansa, sannan su rabu ba tare da an zub da jini ba, kamar dattawa biyu da suka daɗe da sanin inda kunyar ƙarshe take. Amma da na zauna da dare ina kwafe bayanan kora daga allo zuwa littafi, sai na ga ba su yarda da taswirar ba. Wasu kifayen ana korarsu tun ba su iso layin da na zana ba, wasu sai sun shiga can ciki kafin a kula da su, wasu kuma suna yini a tsakiyar gonar ba wanda ya ce musu uffan. Na kai wa malamina wannan a matsayin kuskuren da nake neman gyarawa, shi kuwa ya duba littafin ya ce, "Ba kuskure ba ne. Koma ka rarraba korar bisa ga abin da kowane baƙo yake ci."

Da na yi haka sai al'amarin ya fito fili. Waɗanda suhal ya fi tsana su ne masu cin abin da yake ci: ɗan'uwansa ƙarami mai launin ƙasa, Acanthurus nigrofuscus, da kifin da ake kira sijan, da kuma harid, wanda haƙoransa suka haɗe suka zama kamar bakin aku, yana kankare dutsen da su har mutum yana jin ƙarar a cikin ruwa, daga baya ya kasayar da shi ya zama yashi. Waɗannan tun daga nesa ake tare su. Akwai kuma wani kifi mai duhun jiki, Ctenochaetus striatus, wanda a ido yake kama da mai launin ƙasan har na sha rikita su, amma korar da ake yi masa ba ta kai ta wancan ba, kuma dalilin yana cikin bakinsa: haƙoransa sirara ne masu lanƙwasa kamar tsintsiya, ba ya yanke gansakuka, sai dai ya share dattin da ƙurar da suka kwanta a kanta. Kifayen nan masu rawaya da ke yawo bibbiyu, irin su Chaetodon austriacus, naman murjani mai rai suke tsattsaga, saboda haka suna ratsa gonar suhal kamar masu wucewa a kan hanya, alhali su ma suna da tasu iyakar da suke karewa daga wasu ma'aurata na jinsinsu, iyakar da ta ratsa ta suhal ta ko'ina ba tare da ta dame shi ba. Daga baya na karanta cewa tun 1974 wasu masana biyu, Myrberg da Thresher, sun nuna irin wannan a yammacin Tekun Atlantika ta hanyar sa kifaye daban-daban a cikin kwalaben gilashi suna matso da su kusa da gidan wani ƙaramin kifi mai tsaron wuri, suka ga nisan da yake fitowa ya kai hari yana canzawa gwargwadon jinsin da ke cikin kwalbar. Ashe ba layi ɗaya kifi yake da shi ba, layuka ne da yawa, wani cikin wani, kowane baƙo da nasa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wani ɗan kifi mai launin ƙasa da farin ratsi a tsakiyar jikinsa, wanda bai fi tafin hannu ba, Plectroglyphidodon leucozonus, wanda ni da Baba muka raɗa wa suna mai ɗamara. Shi ma gansakuka yake ci, a kan dutsen da suhal yake ci, kuma bisa ga ƙa'idar da na gano ya kamata a ce shi ne abokin gaba na farko. Amma a cikin gonar suhal guda na sami masu ɗamara da yawa, kowanne da ɗan wurinsa da bai wuce shimfiɗar tabarma ba a kewayen wani rami, kamar gayauna a cikin gandu. Na ƙara mako guda a kan wannan kaɗai, ina sa dalma mai jan zare ga babban, mai farin zare ga ƙananan. Zaman nasu ba na soyayya ba ne: idan suhal ya sauko ya ci a wurin ƙaramin, sau da yawa ƙaramin yakan fito ya kai masa cafka a gefe, babban ya kauce kaɗan ya ci gaba da abin da yake yi, wani lokaci kuma ya juyo ya bi shi, ƙaramin ya faɗa raminsa inda babban ba zai iya shiga ba, bayan daƙiƙa kaɗan ya sake leƙowa. Babu wanda ya iya kawar da wani.

A nan ne na fara ganin yadda rabon aikin yake. Babban yana tare manyan baƙi, irin su harid, waɗanda ƙaramin ba zai iya komai a kansu ba, kuma yana yin haka tun daga nesa, saboda haka gayaunar mai ɗamara tana cikin kariyar da bai biya ba. Shi kuma ƙaramin yana korar ƙananan ɓarayi da ke bi ta cikin ramuka da tsagogin dutse, waɗanda babban ba ya ma ganinsu. An rubuta irin wannan zama a tsibirin Aldabra da ke yammacin Tekun Indiya, inda Robertson da Polunin suka bayyana a 1981 yadda manyan kifaye 'yan dangin suhal suke raba wurin ci da wani ƙaramin kifi ɗan dangin mai ɗamara. A nawa ganin, kuma wannan ra'ayi ne na wanda ya kalli yanki guda na 'yan makonni, bai kamata a yi saurin kiran wannan taimakon juna ba. Abin da na gani ya fi kama da lissafi: korar ƙaramin da ke da ramin ɓuya za ta ci wa babban lokaci da ƙarfi fiye da ɗan abincin da yake rage masa, saboda haka ya haƙura da shi, kuma amfanin da ya biyo baya ƙari ne kawai. Manomi ma yakan bar wani abu a gonarsa ba don yana ƙaunarsa ba, sai don cire shi ya fi barinsa tsada.

Malamina bai yarda in tsaya a kallo ba, ya ce dole in nuna cewa tsaron yana canza abin da ke tsirowa. Na sayi fale-falen tayil marasa sheƙi, na ɗaure wasu a kan mataccen dutse a cikin wuraren da ake tsaro, wasu kuma a fili inda kowa yake ci. Don wannan gwajin na ƙara wuri na biyu a cikin ruwa mai natsuwa bayan tudun, inda wani baƙin kifi ƙarami, Stegastes nigricans, yake zaune jama'a-jama'a a kan matattun rassan murjani, gayauna tana jingine da gayauna. Wannan shi ne manomi na sosai, domin ba tsaro kaɗai yake yi ba, har da cire ciyawa: na sha ganinsa ya fizge wani irin tsiro da bakinsa ya kai shi wajen iyaka ya tofar, ya bar jar gansakuka mai laushi wadda cikinsa yake iya narkarwa. Da na ajiye ɗan dutse a tsakiyar wurinsa, ɗauka ya yi ya fitar, kuma da na miƙa hannu in ɗaure tayil sai ya cije ni a bayan hannu, cizon da bai fi tsinken allura ba amma da niyya aka yi shi. Bayan makonni huɗu, tayil ɗin da ke cikin gonaki ya rufe da gansakuka mai kauri kamar bargo, na fili kuwa an lashe shi tas sai ɗan kore-kore. Peter Vine ya ba da rahoton irin wannan bambanci a Bahar Maliya tun 1974, tare da nuna cewa wannan bargon yana hana wasu halittu samun wurin kama dutse, saboda haka gonar kifi ba alheri ba ce ga kowa a kan tudun.

Rubuta lokacin kowane kallo ya fito da wani abin da ban nema ba. Da safe cin ba shi da yawa, yana ƙaruwa yayin da rana take ɗagawa, ya fi ƙarfi bayan azahar, kuma bayanin da masana suka bayar shi ne gansakuka tana tara abinci a jikinta muddin rana tana dukanta, saboda haka cizon la'asar ya fi na hantsi ƙoshi. A daidai wannan lokaci ne kuma farmaki yake zuwa. Masu launin ƙasan nan da ake kora ɗaya-ɗaya sukan taru su zama garke, wani lokaci harid da sijan suna biye da su, su sauka a kan gonar gaba ɗaya. Mai gona yana bin wannan, goma suna ci a bayansa, ya juyo kan waɗancan, na farkon sun dawo, kuma cikin minti ɗaya ko biyu garken ya tashi ya bar dutse a aske. Duk ɗan Gadarif ya san wannan hoton, na garken shanu da ya bar burtali ya faɗa gona ana gab da girbi, kuma na kama kaina ina jin haushi a madadin kifin, abin da bai dace da mai ƙirga ba. Ranar farko da na ga haka na manta da agogo gaba ɗaya, dole na soke kallon na sake shi washegari.

Wuri guda ne a cikin yankin da na auna inda duk waɗannan dokoki suke sassautawa, wato wani dunƙulen murjani a bakin gangare inda wasu siraran kifaye biyu masu baƙin layi daga baki zuwa wutsiya, Labroides dimidiatus, suke zaune. Aikinsu irin na carki ne a bayan saniya: suna cire ƙananan ƙwari masu shan jini daga jikin manyan kifaye, har cikin baki da ramukan numfashi suke shiga. Na ga harid ya tsaya a nan a karkace kamar wanda ya zo wurin wanzami, na ga najil, wani babban kifi mai cin wasu kifaye, ya buɗe baki ya bar ɗan kifin ya shiga ya fito lafiya, na kuma ga suhal ɗina ya bar sintiri ya zo ya jira a yi masa. Kamar carkin kuma, wanda ba ya ƙin tsagar gyambo idan ya samu, su ma sukan ciji yauƙin jikin mai zuwa maimakon ƙwaron, sai ka ga babban kifin ya zabura ya tafi ko ya bi su da gudu.

A ƙarshe ban miƙa taswira ɗaya ba, takardu shida na miƙa, na zana su a kan takarda mai shara-shara domin a ɗora wata a kan wata: iyakar suhal da suhal, layin da ake tare harid, layin da ake tare mai launin ƙasa, gayaunun masu ɗamara, hanyar ma'auratan masu cin murjani, da wurin wanzaman. Ranar ƙarshe na koma in kwashe dalmata da tayil ɗina, domin ba a barin komai a kan tudun. Na tarar da guda uku daga cikin masu farin zare ba sa inda na sa su. An ja su an jefar a bakin iyaka, zaren ya riga ya yi kore. Na tsince su na sa a jaka, mai ɗamara yana bin yatsuna da cizo har na bar wurinsa, Baba kuma yana buga gefen kwalekwale da tafin hannu, alamar iskar arewa ta taso kuma lokacin komawa ya yi.